Arzikin Da Ke Kulle Cikin Gonar Rake

A zaman ƙungiya na watan jiya, bayan an gama maganar kuɗin wata da ta gyaran magudanar ruwa, sai wani dattijo daga cikinmu mai shagon kayan gona ya zaro wata kwalba daga aljihun rigarsa, ya dire ta a gaban jama'a. Ya ce wani dillali ne ya kawo masa, yana so ya karɓi katan 20 bashi, ya sayar wa manoman rake da ya ke ciniki da su. Dillalin ya gaya masa wai abin da ke cikin kwalbar ƙwayoyi ne masu rai, in an zuba su a gona an sallami takin zamani ke nan har abada. Dattijon ya ce shi dai ya ɗaga kwalbar ya duba a rana, ya girgiza, ya sansana, bai ga mai rai ko ɗaya ba, sai ruwa mai kama da shayin da ya kwana. Aka yi dariya. Waɗansu suka ce damfara ce tsagwaronta, waɗansu kuwa suka ce a bi a hankali, zamani ya zo da abubuwa da yawa da ido ba ya gani. Daga ƙarshe aka ɗora mana nauyin mu bincika, mu rubuto wa jama'a abin da muka samo.

To, mun bincika gwargwadon iyawarmu, mun karanta abin da masanan noma suka rubuta. Ƙwayoyin nan akwai su, aikin da a ke cewa suna yi kuma lalle suna yinsa. Amma dillali ya wuce gona da iri. Bari mu bi maganar daki-daki, don kada a yar da abu mai amfani saboda ƙarin gishirin mai talla, kada kuma wani ya zuba jarinsa a rijiya.

Kada wani ya ce ina ruwan mutumin zango da noman rake. Da ruwanmu ƙwarai. Yaranmu ne ke tura baro suna fere rake a bakin tasha. Attajiranmu ne ke ba manoma kuɗi tun rake yana tsaye. Sukarin da mu ke aunawa a kasuwa kuwa, kusan dukansa ta jirgin ruwa ya ke shigowa ƙasar nan, da kuɗin waje a ke biyansa. Manyanmu sun tuna ma'aikatun sukari biyu da aka kafa cikin shekarun 1960, ta Komenda da ta Asutsuare, waɗanda suka durƙushe a farkon shekarun 1980. An sake gina ta Komenda da rancen dala miliyan 35 daga Indiya, aka buɗe ta a watan Mayu na 2016, da ƙarfin murje tan 1,250 na rake kowace rana. Ba a daɗe ba ta tsaya, babban dalilin da aka bayar kuwa shi ne rashin isasshen rake. Ashe inji ba ya haifar sukari, gona ce ke haifa. Saboda haka duk abin da zai sa gona ta ba da rake mai yawa da kuɗi kaɗan, maganarmu ce.

LAMBAR TSAKIYA

Duk wanda ya taɓa ɗaukar buhun takin zamani ya ga lambobi uku a jikinsa, kamar 15-15-15. Lambobin nan awon abinci uku ne da shuka ta fi bukata. Ta farko ta naitirojin ce, mai sa ganye ya yi kore shar, shi ne cikin yuriya. Ta ƙarshe ta fotash ce, irin wanda a ke samu cikin toka. Ta tsakiya kuwa ta fosforas ce, a kansa maganarmu ta ke.

In an binne gaɓar rake ido ya tsiro, abu na farko da zai nema shi ne ya kafa saiwa, sa'an nan gindi ya yi 'ya'ya. Ayyukan nan biyu ba su yiwuwa sosai sai da fosforas. Raken da ya rasa shi ya kan fito siriri, gaɓoɓinsa gajeru, gindi bai cika ba, ganye tsukakke mai shuɗi-shuɗi, tsofaffin ganyaye kuwa su yi ja-ja a baki. Manomi ya gani ya zaci yunwar yuriya ce, ya ƙara zubawa, ganye ya yi kore, kara bai ƙaru ba. In an sare, gyauron da zai biyo baya ma ya fito da rauni, don saiwar da zai dogara da ita ba ta yi nisa ba. Har a cikin ma'aikata fosforas yana da aiki: ruwan rake ba ya tacewa ya yi garau sai yana da kimanin miligiram 300 na fosfet cikin kowace lita, in ya gaza haka sai masu dafa sukari su sayi fosfet su ƙara masa.

Wani Bajamushe mai suna Hennig Brand shi ya fara ware wannan abu a birnin Hambag a 1669. Daga fitsari ya tace shi, yana neman hanyar yin zinariya. Zinariya dai bai samu ba. Daga baya aka gane ƙashi cike ya ke da fosforas, manoman Turai suka riƙa niƙa ƙashi suna zubawa a gona, amma ba ya narkewa da sauri. A 1842 wani mutumin Ingila, John Lawes, ya yi rajistar wata dabara, watau a zuba wa garin ƙashi ko garin dutsen fosfet ruwan asid irin na batir, sai ya zama abin da ke narkewa cikin ruwa, saiwa ta iya sha. Wannan shi ne asalin takin da a ke kira supa. A riƙe maganar nan ta zuba tsami a kan dutse, za mu komo kanta.

A yau daga ƙarƙashin ƙasa a ke haƙo dutsen fosfet. Maroko ce ke da wajen kashi 70 cikin 100 na abin da aka sani ya rage a duniya. Maƙwabciyarmu Togo ma tana haƙa a Hahotoe, tana loda wa jirage a Kpeme tun 1961. Dutse ya fita ɗanye da araha, taki ya komo da tsada. Masu shago ba su manta da 2021 da 2022 ba, lokacin da Sin ta rage fitar da takin fosfet, sa'an nan yaƙin Rasha da Yukiren ya biyo baya, buhu ya yi tashin gwauron zabo har ƙananan manoma da yawa suka shuka ba taki.

ƘASA MAI KARƁA BA TA MAYARWA

Abin takaici shi ne, takin nan mai tsada ba dukansa ke shiga cikin rake ba. Masana sun auna sun ga cikin fosforas da a ke zubawa, abin da shuka ke samu a shekarar farko bai cika wuce kashi 10 zuwa 25 cikin 100 ba. Ina sauran ya tafi? Ruwa bai tafi da shi ba, rana ba ta ƙone shi ba. Yana nan cikin gonar, ƙasa ce ta kama shi ta riƙe.

Ga yadda abin ya ke. Jar ƙasar nan tamu ta kudu, inda ruwan sama ya yi yawa, ƙasa ce mai tsami, jan da a ke gani a jikinta kuwa tsatsar ƙarfe ce. Ban da ƙarfe akwai alminiyam a cikinta, watau goran-ruwa irin wanda a ke zuba tukunya da shi. Da fosforas ya narke ya gamu da waɗannan biyu, sai ya manne musu ya daskare, saiwa ta zo ta wuce ba ta iya ɓamɓaro shi ba. A ƙasashen da ruwa bai yi yawa ba, kamar baƙar lakar bakin Farin Nilu a Sudan inda aka kafa gonar rake ta Kenana, alli ne ke kama shi maimakon ƙarfe. Ko nan ko can dai ɗaurarre ne. Wani abu kuma, fosforas ba matafiyi ba ne, inda aka ajiye shi nan ya ke zama, tafiyarsa cikin ƙasa ba ta kai faɗin yatsa ba. Shi ya sa a ke zuba shi a kwarin kunya ƙarƙashin iri ran shuka, ba a watsa shi a sama daga baya.

Kowane ɗan kasuwa ya san wannan hali. Mutum ne ya ba da kaya bashi shekara da shekaru, in ya buɗe littafi attajiri ne, in ya buɗe akwati ba na cefane. Gonar da aka daɗe ana zuba wa supa haka ta ke. Abin da ta ke bukata shi ne mai karɓo bashi.

MASU KARƁO BASHI

Cikin cokalin shayi ɗaya na ƙasa mai kyau akwai ƙwayoyin halitta ɗaruruwan miliyoyi, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Su a ke kira bakteriya. Da yawa daga cikinmu ba mu san sunan ba sai a asibiti, shi ya sa mu ke zaton dukansu cuta ne. Ba haka ba ne. Su ne ke mai da madara kindirmo. Su ne ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa, babbar mai wannan aiki kuwa ita ce wadda masana ke kira Bacillus subtilis. Watau iyayenmu mata sun daɗe suna kiwon bakteriya cikin kwando da ganye, ba su taɓa jin sunanta ba.

A gindin shuka waɗannan ƙwayoyi sun fi yawa, don saiwa tana tsatso wani ɗan ruwa mai zaƙi, su kuwa abincinsu ke nan. Ciniki ne sosai. Waɗansu daga cikinsu in sun sha zaƙin sai su fitar da tsami iri-iri, da irin na lemun tsami, da wani da a ke kira asid na gulukonik wanda ya fi yawa. Tsamin nan ya kan narkar da fosfet ɗin da alli ya daskarar, ya kan kuma riƙe allin ko ƙarfen don kada su sake cafke shi, sai saiwa ta samu ta sha. Aikin da John Lawes ya yi da ruwan batir cikin katuwar randa, shi ƙwayoyin nan ke yi kaɗan-kaɗan a bakin saiwa, ba da kuɗin jirgi ba. Akwai kuma fosforas da ke ɗaure cikin ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi. Wannan tsami ba ya kwance shi, sai waɗansu sinadarai da ƙwayoyin ke fitarwa masu tsinka shi kamar almakashi. Har ila yau waɗansu suna fitar da abin da ke sa saiwa ta yi gashi da yawa, ta kai inda da ba ta kai ba.

Sanin nan ba sabo ba ne. A 1948 wani masani na Holan mai suna Gerretsen ya shuka tsiro cikin yashi iri biyu, ɗaya an kashe duk mai rai da ke cikinsa, ɗaya da ƙwayoyi, ya zuba musu fosfet marar narkewa. Tsiron da ke tare da ƙwayoyi ya fi samun fosforas. A shekarar nan kuma wata masaniya ta Tarayyar Sobiyet, Pikovskaya, ta fito da hanyar gane ƙwayoyin da ke da wannan aiki. A kan dama garin fosfet cikin wani abu mai kama da kamu, a zuba a faranti ya daskare fari fat, sa'an nan a ɗiga ƙwayoyi a kai. In masu narkarwa ne, bayan 'yan kwanaki sai a ga wani da'ira garau ya kewaye su. Har gobe da farantin nan a ke aiki a ɗakunan bincike.

Cikin shekarun 1950 hukumar Sobiyet ta ɗauki abin da zafi. Aka riƙa kiwon wata ƙwaya mai suna Bacillus megaterium, aka sa wa maganin suna fosfobakterin, aka shafa wa irin da aka shuka a miliyoyin hekta. Amma da masanan Amurka suka gwada shi a gonakinsu a farkon shekarun 1960, ba su ga wani bambancin a zo a gani ba, maganar ta yi sanyi shekaru da dama. Mun kawo wannan ne don jama'a su san tun farkon al'amarin nan haka ya ke, ya ci a wata gona, ya ƙi a wata.

ABIN DA AKA GANI A GONAR RAKE

A Indiya, ƙasa ta biyu a noman rake a duniya, akwai wata tsohuwar cibiyar binciken rake a garin Koyimbatur, an kafa ta tun 1912. Masana uku na can, Sundara da Natarajan da Hari, sun gwada Bacillus megaterium a gonar rake sosai, ba a tukunya ba, suka buga sakamakon a 2002. Inda aka sa ƙwayoyin, gindi ya fi 'ya'ya, kara ya fi yawa ya fi nauyi, amfanin gona ya ƙaru da kashi 12.6 cikin 100 a kan inda ba a sa ba. Sun ga kuma in an haɗa ƙwayoyin da taki, ana iya rage takin fosforas da kashi 25 cikin 100 rake bai ragu ba. Na uku, ana iya maye rabin supa mai tsada da garin ɗanyen dutsen fosfet mai araha, ƙwayoyin su narkar da shi.

A yi lissafi irin na kasuwa. A ce gona tana ba da tan 50, ƙarin kashi 12.6 ya zama tan 6 da 'yan kai. Wanda ke sayen supa buhu 4 zai sayi 3. Riba ce, ba mai musu. Amma a lura, buhu ɗaya ne ya ragu cikin huɗu, na fosforas kaɗai kuma. Yuriya tana nan, fotash yana nan. Tsakanin wannan da maganar dillali akwai tafiyar kwana da kwanaki.

Birazil ita ce uwa a noman rake, tana sare fiye da tan miliyan 600 a shekara. Labarinta ya fi kusa da mu, don yawancin ƙasarta ja ce mai tsami kamar tamu, kuma mafi yawan takin da ta ke amfani da shi daga waje ta ke saye. Saboda haka hukumarsu ta binciken noma, Embrapa, wadda aka kafa a 1973, ta daɗe tana neman taimakon ƙwayoyin ƙasa. Wadda ta fi suna a wannan fage wata mace ce, Johanna Döbereiner, an haife ta a ƙasar Cekosulobakiya a 1924, ta yi aikinta a Birazil har ta rasu a 2000. A 1988 ita da abokin aikinta Cavalcante suka ba da labarin wata ƙwaya da ke zaune a cikin karan rake kansa, tana jure zaƙin da zai kashe waɗansu, tana kamo naitirojin daga iska. Yanzu sunanta Gluconacetobacter diazotrophicus. An ga ita ma tana narkar da fosfet a faranti, ko da ya ke ba don wannan ta yi suna ba.

Maganin fosforas sosai ya fito kasuwar Birazil a 2019 da sunan BiomaPhos, bayan masanan Embrapa sun shekara da shekaru suna tankaɗe ƙwayoyin da suka samo daga gonakin masara. Biyu suka zaɓa, wata Bacillus megaterium da wata Bacillus subtilis. Don masara aka fara yinsa, a 2022 kuma aka fito da na rake da ƙwayoyin nan biyu, mai suna Omsugo ECO, ana fesa shi a kan iri cikin kwari kafin a rufe. Kada wani ya ji an ambaci Bacillus subtilis ya je ya jiƙa daddawa ya zuba a gona. Suna ɗaya ne, dangi ɗaya, amma ba kowane Audu ne Audun da a ke nema ba. Cikin ɗaruruwa aka zaɓo waɗannan.

INDA GIZO KE SAƘAR

Abu na farko da dillali bai faɗa ba shi ne, ƙwayoyin nan ba su ƙirƙirar fosforas. Mabuɗi ne su, ba dukiya ba ne. Manomin Birazil ya shekara talatin ko arba'in yana zuba fosfet da yawa, akwatinsa cike ya ke, in ya sami mabuɗi ya yi arziki. Ƙaramin manomin rake na bakin rafi a nan, wanda bai taɓa zuba supa ba sai jefi-jefi, ƙasarsa kuwa tun asali ba ta da fosforas mai yawa, kamar yawancin ƙasar Afirka ta Yamma, in ya buɗe akwati me zai tarar? Kowace mota da ta fita da rake daga gona ta fita da fosforas. In ana kwasa ba a mayarwa, ƙwayoyin za su hanzarta ƙarewar ɗan abin da ya rage ne kawai. A ganinmu wanda ya gaya wa irin wannan manomi ya daina sayen taki, ya cuce shi, shi kuma wanda ya ba manomin kuɗi ya cuci kansa.

Sa'an nan ba kowace ƙwaya ce ta dace da kowace ƙasa ba. A 2013 wani masani mai suna Bashan da abokan aikinsa suka yi kashedi cewa farantin Pikovskaya yana ruɗin mutane. Fosfet ɗin da a ke damawa cikinsa mai alli ne, wanda tsami ke narkarwa da sauƙi. Fosfet ɗin da ƙarfe da alminiyam suka kama, irin na jar ƙasa, ya fi taurin kai nesa ba kusa ba. Ƙwaya tana iya yin da'ira mai faɗi a faranti, a kai ta jar ƙasa ta kasa kome. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don kwalbar da aka yi domin ƙasa mai alli ba lalle ta yi aiki a wajen Komenda ba. Haka ma maganar ɗanyen dutse. Dutsen Togo yana cikin masu wuyar narkewa, na Tilemsi a Mali ya fi shi laushi, saboda haka ba a ɗaukar sakamakon Indiya a ɗora wa kowane dutse.

Baƙuwar ƙwaya kuma in ta shiga gona, ta tarar da 'yan gida miliyoyi sun riga ta cin kasuwa. In ƙasa ta bushe ƙayau, ko ba ruɓaɓɓen ganye da taki da za ta ci kafin saiwa ta fito, sai ta mutu cikin 'yan makonni. Shi ya sa a Indiya a kan cakuɗa ƙwayoyin da takin gargajiya da ya ruɓe kafin a zuba, ko a tsoma gaɓoɓin iri cikin ruwansu, sa'an nan a ba da ruwa. A inda ke da ma'aikatar sukari akwai wata laka da ke fita wajen tace ruwan rake, kilo 30 zuwa 40 daga kowane tan, tana da fosforas da yawa, ita ce abokiyar tafiyar ƙwayoyin nan. Mu nan ba mu da ita, amma muna da kashin kaji tuli a kewayen Kumasi da Dormaa, shi ma fosforas gare shi, kuma abinci ne ga ƙwayoyi.

Saura maganar da ta fi shafar masu shago. Kayan nan mai rai ne, ya fi kama da kaji a akurki da gishiri a buhu. Zafi yana kashe shi. Wanda shagonsa kwantena ne, rana ta doke shi tun hantsi har la'asar, in ya jera kwalaben nan a ciki, bayan 'yan makonni ruwa kawai ya ke sayarwa, shi bai sani ba, manomi bai sani ba, don matacciyar kwalba da rayayya kamanninsu ɗaya. Dangin Bacillus sun fi sauran juriya, don in wuya ta yi su kan ƙudundune su yi kwanci kamar kwaɗo da rani, amma su ma da iyaka. Na gari ya kan yi kamar wata 6, na ruwa ya kan kai shekara ko fiye in an adana shi a inuwa mai sanyi. Ba a cakuɗa shi da takin zamani cikin bokiti ɗaya, ba a haɗa shi da maganin feshi mai kashe cutar shuka, ba a fesa shi da tsakar rana.

Ta yaya mai saye zai san abin kirki? Ya duba jikin kwalba. Ya kamata a rubuta sunan ƙwayar, da yawanta cikin kowane giram ko mililita, da ranar da aka yi, da ranar lalacewa. A Indiya doka ta ce na gari kada ya gaza ƙwaya miliyan 50 masu rai cikin giram ɗaya. A nan Gana dokar shuke-shuke da taki ta 2010 ta hana sayar da taki sai an yi masa rajista a Ma'aikatar Abinci da Noma, saboda haka a tambayi dillali takardarsa. Kwalbar da dattijonmu ya kawo mun juya ta gaba da baya, akwai hoton rake mai kauri kamar cinyar mutum, akwai alkawari da manyan baƙaƙe, amma ba sunan ƙwaya, ba adadi, ba kwanan wata. Manomin da ke da hali kuma ya ɗebi ƙasar gonarsa ya kai cibiyar binciken ƙasa ta Kwadaso, nan bayanmu a Kumasi, a auna masa tsaminta da fosforas ɗinta, kafin ya kashe kuɗi a kan taki ko kwalba.

Mun koma wurin dattijon da wannan bayani. Muka ce masa, Baba Alhaji, katan 20 dai a mai da wa mai shi. In ya kawo wadda ke da suna da rajista da kwanan wata, a karɓi kwalba biyu, a nemi manomi ɗaya mai gaskiya, a raba gefen gonarsa kashi uku, kowane kashi kunya 10, iri ɗaya, rana ɗaya, ban ruwa ɗaya. Kashi na farko a ba shi taki cikakke kamar yadda aka saba. Na biyu a rage masa rubu'in fosforas a sa ƙwayoyi. Na uku a rage rubu'in, kada a sa kome. Na ukun nan shi ne alƙali, don in ya yi daidai da na biyu, to, ba kwalba ce ta yi aiki ba, da ma takin ne ya yi yawa. A kafa turaku, a rubuta a littafi don kada a ruɗe. Bayan wata 3 a ƙirga 'ya'yan kowane gindi, ran sara kuma a ɗora damman kowane kashi a sikeli dabam-dabam, a kuma duba gyauron da zai biyo baya.

Ya yarda, har ya ce yana da manomin da zai yi. Rake ya kan yi wata 10 zuwa 12 kafin ya isa sara. In an auna, za mu buga lambobin a wannan shafi yadda suka fito.